Manhaja ta tsaya cak? Kwashe hotunanka kafin ka taɓa komai

A watan Maris na 2020, ina aji uku na ƙaramar sakandare, aka dawo da Bikin Kamun Kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Yayana mai ɗaukar hoto ne, ni ke riƙe masa jaka. Tun da sassafe muka kama wuri a bakin Matan Fada. Ana ba da alama dubban masunta suka auka ruwa da gora da homa, shi kuwa ya yi ta danna kyamara har katin memori ya cika.

Da dare ya juye hotunan cikin laftof, ya goge katin saboda washegari yana da aikin ɗaurin aure. Bayan kwana biyu manhajar gyaran hoto ta fara gardama. Ya buɗe hoto ta daskare, ya rufe ya sake buɗewa ta mutu.

"Yaya, a yi mata fomatin kawai," in ji ni, mai ganin ya san kwamfuta.

Ni aka aika wurin mai gyara. Da ya tambaye ni, "Samari, akwai abin da za a kwashe a ciki?" sai na ce babu, don a zatona hotunan na nan a kati. Abin da ya tsira shi ne hotuna goma sha ɗaya da Yaya ya tura wa abokansa a WhatsApp, su ma an matse su, ba su buguwa a babbar takarda.

Bikin nan tun 1934 ake yin sa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma wannan safiyar ba za ta dawo ba. Abin takaicin, daga baya na gano ciwon laftof ɗin bai kai ya kawo ba: rumbun ajiyarta ne ya cika maƙil.

Me ke sa manhaja ta rikice?

Manhajar gyaran hoto tana buƙatar fili a rumbun kwamfuta inda take ajiye aikin wucin gadi. Idan babu fili, sai ta tsaya. Don haka kafin ka ruga wurin mai gyara, bi waɗannan matakai:

1. Fara kwafe hotunanka zuwa filas ko wani rumbu na waje. Wannan ne kan gaba.
2. Idan ta daskare a Windows, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka rufe manhajar daga nan, sannan ka kashe kwamfutar ka kunna.
3. Buɗe wani hoto daban. In ya buɗu lafiya, hoton farko ne ya lalace, manhajar ba ta da laifi.
4. Duba sauran fili. Finafinai da wasannin da ka tara su ne suka fi cinye shi.
5. Taɓa ƙasan laftof. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin bazara kuma ya sa na'ura ta yi nauyi. Kada ka ɗora ta kan katifa.
6. Sabunta manhajar, ko ka mayar da saitinta yadda ya zo. In duk bai yi ba, cire ta ka sake sakawa.

Fomatin shi ne mataki na ƙarshe. Ka kuma guji manhajar sata da ake turawa daga filas zuwa filas, don sau da yawa da bairos take zuwa. Idan ka goge hoto a kati bisa kuskure, cire katin nan take. Manhajoji irin su PhotoRec kan iya dawo da shi muddin ba a ɗauki sababbin hotuna a kansa ba. Namu katin, hotunan amarya sun riga sun haye.

Ajiyar ko-ta-kwana

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2, bayan an goge mafi yawan fayilolinsa bisa kuskure, aka duba ajiyar kamfani aka tarar ita ma ta lalace. Wata ma'aikaciya da ke aiki daga gida saboda jego ce ta cece su, don tana da kwafi a kwamfutarta.

Masana suna da ƙa'ida mai suna 3-2-1: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Ga ɗalibi, hakan na nufin ɗaya a waya ko laftof, ɗaya a filas, ɗaya a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta da Gmail, Google Drive da Google Photos ke rabawa. Idan data ta yi tsada, zaɓi masu muhimmanci kawai: hoton sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, takardar haihuwa, hotunan iyali. Idan za ka tura hoto a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada a rage ingancinsa. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe ajiyar ka tabbatar tana aiki.

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ce ranar tunatar da duniya yin irin wannan ajiya, amma kada ka jira ta. Ni kowace Juma'a bayan masallaci nake kwafe nawa, aikin minti goma ne. Yaya ya daɗe da yafe mini, sai dai har yau in zai aike ni da laftof sai ya ce, "Ƙanena, in an tambaye ka, ka ce akwai."