Kafin Ki Ce "Ni Na Yi" a Gaban Alƙali

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta na Dingaya da Birnin Kudu da Gwaram. Yau ba hirar soyayya za mu yi ba, hirar kotu ce. Kada ki ce me ya haɗa ki da kotu. Faɗan kishiya da ya kai ga ɗaukar taɓarya, ko sarƙar da ta ɓata a ɗakin amarya aka ce ke ce ƙarshen fita, ai ba nesa suke da kowace mace ba. Allah Ya tsare mu.

Ku tuna da Amina Lawal, wata bazawara ta ƙauyen Kurami a jihar Katsina. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure. Wanda ta ce shi ne uban 'yar ya rantse da Alƙur'ani bai san zancen ba, aka sallame shi. Ita kuwa baiwar Allah ba ta da lauya a lokacin, aka tambaye ta, ta amsa. Kotun Funtuwa ma ta tabbatar da hukuncin.

Sai da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka shigo, sannan aka ga ashe ƙofofin tsira suna nan cikin littattafan Malikiyya tun tuni. Wanda ya yi iƙirarin zina yana da damar janye maganarsa, in ya janye ba a tsayar masa da haddi. Sannan ga batun kwantacce, wanda kakanninmu ma sun san shi: malaman mazhabar sun ce ciki na iya kwanciya har shekara biyar, ita kuma rabuwarta da mijinta ba ta kai haka ba, don haka ana iya jingina 'yar ga tsohon mijin. Kuma alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, alhali dokar Katsina ta ce sai da mutum biyu tare da shi. Ran 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar na kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina suka wanke ta. Abin da ke ba ni takaici, duk waɗannan hujjoji suna nan tun ranar farko, amma sai da ta yi shekara da rabi cikin fargaba da goyo a bayanta.

A ɓangaren dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, yaron da bai kai shekara bakwai ba ba shi da laifi sam. Mai taɓin hankalin da bai san abin da yake yi ba, shi ma haka. Wadda aka kawo wa hari ta kare kanta ko mutuncinta tana da hujja, amma fa kada ramuwar ta zarce abin da ake bukata don kuɓuta. Tsokana mai tsanani ta farat ɗaya kuwa ba ta wanke mutum, sassauta hukunci kawai take yi. Wadda ta kwana da fushi ta wayi gari ta shirya abinta, wannan ƙofar ta rufe mata.

Tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma in an kama ki kina da 'yancin yin shiru har ki ga lauya. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki da Hausa ba. In kuɗin lauya ne babu, hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta da aka kafa a 1976 tana da ofishi a Dutse, sai wani naki ya je ya kai musu maganar.