Koyar da Ilmin Ƙididdiga da Alƙaluman Gida: Misali daga Gaya da Ajingi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin malaman ƙididdiga, musamman masu duba ɗaliban digiri na biyu da na uku, ga wani giɓi da ke tsakanin abin da ake koyarwa a aji da abin da ɗalibi zai tarar a ƙauye. Ilmin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin tun 1976 Jami'ar Nsukka ta naɗa James Nwoye Adichie farfesa a fannin. Amma har yau yawancin misalan da ke littattafanmu daga Ingila da Amurka aka kwaso su.

Mu ɗauki ɗalibi daga jami'ar kimiyya ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, a ce an tura shi Gaya da Ajingi ya auna amfanin gona. Matsalarsa ta farko ita ce jerin gidajen da zai zaɓi samfur daga ciki. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum 201,016, Ajingi kuma 174,137, kuma daga ita ba a sake wata ba. Duk lissafin da ya gina a kan waɗannan alƙaluma kintace ne, wajibi ne kuwa ya faɗi haka a kundinsa.

Ta biyu ta fi wuya, watau ma'auni. Manomi ba ya lissafa geronsa da kilo, da dami yake lissafawa, kuma damin wani ba ɗaya yake da na wani ba. In an sussuka, sai a koma tiya da buhu. Ga shi gona ɗaya ta haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, to wane fili za a ce na wake ne? David Norman da abokan aikinsa na Samaru sun fuskanci wannan a ƙauyukan Zariya a 1966 da 1967, maganin da suka samu kuwa shi ne yawan komawa gida ɗaya har shekara ta zagayo. Hanya ce mai tsada, amma a ganina ba ta da madadi.

Haka nan shekaru: dattijo zai ce arba'in ko hamsin, ba safai ake jin 47 ba. Gidan kulle kuma sai mace ke shigarsa. Ko da yake Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, makiyayi bai daina zargin mai tambayar yawan shanunsa ba.

Saboda haka shugaban makarantar manyan digiri ya kamata ya nemi kowane ɗalibi ya bayyana, kafin a amince da tsarin bincikensa, dami nawa zai auna a sikeli da hannunsa, mata nawa ke cikin masu tattara masa bayani, da kuma watan da zai shiga ƙauye, domin da damina ba a samun magidanci a gida sai bayan azahar.