Wata guda babu wiwi: abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

A fadojin samari na Damagaram, mashaya tabar wiwi sun san wani abu tun kafin likita ya faɗa musu: naɗi ɗaya da ke bugar da mutum a farkon shiga harka, bayan 'yan watanni ko gezau ba ya sa shi. Sai ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, kuɗin abinci ya tafi a hayaƙi.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Sinadarin da ke bugarwa, THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a Isra'ila a 1964, yana maƙalewa ne a wasu 'yan kafofi da ake kira CB1. Idan ana shan tabar kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage yawan kafofin don kare kanta. A 2012, masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashayan yau da kullum, suka tarar kafofin sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a wasu sassa. Da aka yi mako huɗu babu sha, sai suka koma yadda suke.

A kan wannan ne wasu mashaya a Turai da Amurka suke ɗaukar hutu, don tabar ta sake kama su da ƙarfi. Wannan asarar wahala ce, domin da an koma shan kullum, juriyar ma ta dawo.

Kwanakin farko bayan daina sha ne masu ɗaci. Rashin barci, saurin fushi, rashin cin abinci da munanan mafarkai sukan fara cikin kwana 1 zuwa 3, su tsananta a makon farko, yawanci su lafa cikin mako biyu. Barci ne kan daɗe bai daidaita ba. Da yawa a nan suke karaya, alhali sun kusa tsallakewa.

Samun tabar kuwa ba wuya. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai lokaci guda. A shekarar ce kuma fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder ya nuna wa duniya rayuwar gungun samarin da ake kira 'yan palais na unguwar Kara-Kara a Damagaram, inda zaman banza ya yi wa samari katutu.

Babban haɗari yana ga mai haɗa wiwi da tramol. Tramol dangin ƙwayoyin da ke danne numfashi ne, yana kuma jawo farfaɗiya. Wanda ya huta sannan ya koma kan adadin tramol da ya saba haɗiya, jikinsa ba zai iya ɗauka ba, yana iya mutuwa. Mai irin wannan hali ya je asibiti kafin ya daina, iyaye kuma su jure wa fushin ɗansu na makon farko, kada su kore shi daga gida.