Rumfar Bugenbiliya, Maganin Zafin Bazara

Duk wanda ya zauna gidan kwano cikin watan Afrilu ya san bazara. Malami ya taso daga makaranta, akawu ya taso daga ofis, su tarar baranda ta yi zafi kamar tanda. Rumfar zana takan taimaka, amma gara da iskar farkon damina ba su barinta ta daɗe. Don haka muke jawo hankalin masu karatu ga wata shuka mai yaɗo, wadda ake kira bugenbiliya.

Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Sunan wani Bafaranse aka sa mata, Bougainville, wanda ya kewaya duniya cikin jirgin ruwa daga 1766 zuwa 1769. Masanin itatuwan da ke tare da shi ne ya gan ta a ƙasar Barazil. Jan nan da ke ƙawata ta ba fure ba ne, wani irin ganye ne. Furen na ainihi ɗan ƙarami ne fari, yana tsakiya.

Ba a wahalar neman iri. Da damina a yanko reshen da ya fara ƙwari, tsawon kamu guda, a tsige ganyen ƙasa, a soka cikin 'yar tukunya mai yashi da taki, a ajiye a inuwa. In ya yi toho sosai sai a dasa inda rana ke bugu. Amma saiwarta ba ta son motsi, gara a fasa tukunyar da a tumɓuke.

To, ga inda yawancinmu ke kuskure. Mukan yi ta kwarara mata ruwa safe da yamma, sai ta yi ganye shar, ta ƙi ja. Shekarar fari kaɗai take bukatar ban-ruwa sosai. Bayan nan a bari ƙasa ta bushe kafin a ƙara. Da rani take nuna kyanta.

Rumfar kuwa a kafa ta da azara, don nauyin rassan yakan karya ƙananan sanduna. Ba ta kama itace da kanta, sai an ɗaura mata da igiya. Kada a bari ta hau soron ƙasa ko jinka. Tana da ƙaya mai kaifi, saboda haka malaman da za su shuka ta a makaranta su riƙa sassabe rassan da suka sauko daidai idon yara. Tun tana ƙarama a kewaye ta da shinge, don awaki.