Gulbi ɗaya, jihohi huɗu: wa ya kamata ya biya kuɗin su, kuma nawa?

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga ƙasar Funtuwa a Jihar Katsina, ya shigo Zamfara, ya ratsa Gusau inda aka datse shi domin gari ya samu ruwan sha, ya wuce Bunguɗu, ya taru a madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara. Daga nan ya gangara Jihar Sakkwato ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa kogin Kwara. Masuncin da ya bi kifi daga kan gulbin nan zuwa ƙarshensa zai taka ƙasar gwamnoni huɗu, kuma kowane ɗayansu yana da ikon ya ce sai an yanki takardar izini a wurinsa kafin a jefa birgi. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko ya dace jiha ta sa wa wanda ya zo daga maƙwabciyarta kuɗi fiye da na ɗan gida. Ra'ayina shi ne bai dace ba. Kuɗin su ya kamata ya bi irin kayan da mutum ya shiga ruwa da su da yawan abin da suke iya kwasa, kuma takarda ɗaya ta wadatar a duk tsawon gulbin.

Tushen matsalar yana cikin doka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon kamun kifi, amma ya cire koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa daga wannan iko, wato ya bar su a hannun jihohi. Kafin nan akwai dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992, wadda gwamnatin soja ta kafa. Ita ce ta ce jirgin su mai inji sai da lasisi daga kwamishinan jiha, ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 in ban da wasu nau'o'i da aka keɓe. Dokar ta san akwai ruwan da jihohi ke tarayya a kansa, domin ta ba minista ikon rufe irin wannan ruwa na wani lokaci. Abin da ba ta yi ba shi ne tilasta wa jihohi su amince da takardar juna ko su daidaita farashi. Ga madatsar Bakolori kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta tarayya ce, yayin da kifin da ke cikinta yake ƙarƙashin jiha, bakin ruwan kuma yana da sarkin ruwansa da ƙaramar hukumarsa. A zamanin da kowace jiha ke neman ƙara kuɗin shiga na cikin gida, ba a rasa mai kallon masuncin da ya zo daga Yawuri ko Argungu a matsayin wanda za a tatsa ba tare da an yi asarar ƙuri'a ko ɗaya ba.

Sai dai wane ne baƙon? Har zuwa 1991 masuncin Argungu da na Bunguɗu 'yan jiha ɗaya ne, tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda aka yanki Kabi daga cikinta a watan Agusta na wannan shekara, sannan aka yanki Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Akwai dattawa da yawa da suka fara su tun babu waɗannan iyakoki. Ta ɓangaren gabas ma haka abin yake. Tsafe ita ce ƙofar Zamfara ga mai fitowa daga Funtuwa, daga 'Yankara zuwa cikinta ɗan taƙi ne, kuma tsohon garin malamai na 'Yandoto da ke wannan yanki yana cikin ƙasar Katsina ta dauri. Sarautar Gusau kanta Sarkin Katsina ake kiranta har gobe. Sana'ar su kuwa tun asali ta masu tafiya ce. Sarkawa sun bazu daga Kabi zuwa duk inda ruwa yake, har Tafkin Cadi, kuma manyan madatsun da gwamnati ta gina a Arewa sun jawo masunta daga nesa domin su ne suka san yadda ake aiki a ruwa mai zurfi. Iyakar da ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba ba za ta iya zama ma'aunin wanda ya cancanci cin abinci daga ruwan da kakanninsa suka yi su a ciki ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin rayuwar kifin kansa. A nan sama, wajen Gusau da Bunguɗu, gulbin na damina ne. Da rani yakan tsinke ya koma gurabu da yashi, kifi ya matsu a 'yan wuraren da suka rage. Idan ruwan sama ya kankama gulbi ya kawo, tarwaɗa da kawara da ƙurungu sukan yi sama, su fantsama cikin fadamu da ƙoramu su zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, inda 'ya'yan ke samun abinci da mafaka. Da ruwa ya fara janyewa sai su komo gulbi. Ma'ana, kifin da aka kama a wata jiha da kaka yana iya zama an ƙyanƙyashe shi a fadamar wata jihar da damina, kuma wanda ya tare bakin ƙorama da gidan sauro a watan Agusta ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba. An riga an ga misalin wannan da idanu. Bayan kammala Bakolori a 1978, binciken da masanin labarin ƙasa William Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ya nuna ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ma ya faɗi. Galibi idan an ambaci Bakolori abin da ake tunawa shi ne kisan manoman da suka yi bore kan ƙasarsu a 1980, kuma ya cancanci a tuna, amma asarar masunta ta gangara har yankunan da yau suke cikin wata jiha. Idan ɓarna tana tsallaka iyaka haka, to kula da ruwan ma dole ya tsallaka.

Mai ja da wannan magana zai ce ɗan jiha yana biyan haraji a gida, da kuɗinsa ake biyan albashin malaman kifi da masu sintiri, don haka adalci ne baƙo ya biya ƙari. Zai kuma kawo misalin jami'o'in jihohi, inda ɗan asalin jiha ke biyan kuɗin makaranta ƙasa da na wanda ba ɗan jiha ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma Amurka, inda kowace jiha ke sayar da lasisinta, ta daɗe da auna wannan gaskiyar. Jihar Karolina ta Kudu ta taɓa sa wa jirgin kamun jatan lande na ɗan jiha dala 25, na baƙo kuma dala 2,500. A 1948 kotun ƙolin ƙasar ta rushe wannan doka, ta ce jiha na iya karɓar ɗan ƙari gwargwadon abin da take kashewa wajen sa ido a kan baƙi ko abin da mazauna suka riga suka biya ta haraji, amma ninki ɗari korar mutum ce daga sana'arsa. Shekara talatin bayan haka, a 1978, kotun ta ƙyale Jihar Montana ta tsauwala wa baƙi kuɗin farauta, bisa dalilin cewa farautar nishaɗi ce, ba hanyar cin abinci ba. Wannan rarrabewa ta dace da mu sosai, domin a Gulbin Sakkwato kusan babu mai su don shaƙatawa. Duk wanda ka gani da gora da koma, ko cikin kwale-kwale yana duba mamari da asuba, abincin iyalinsa yake nema. Namu kundin ma a sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalin garinsu, sashe na 15 kuma ya ɗora wa hukuma sauƙaƙa zirga-zirgar mutane da kaya. Sannan a ƙasar nan idan an ce ɗan jiha, takardar asali ake nufi, ba zama ba. Mutumin da aka haifa a Gusau, yake biyan haraji a Gusau, sai a ce masa baƙo don kakansa Bakabe ne, alhali wanda ya bar jihar shekara ashirin yana nan a matsayin ɗan gida. Hujjar haraji ba ta tsaya a kan irin wannan rabo ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma masunta ƙanana ne ke yin sa: baƙi sukan zo da manyan taru da jiragen inji, su share gurbi cikin kwana kaɗan su ƙara gaba, su bar mai 'yar fatsa da ruwa fayau. Wannan yana faruwa, kuma wanda ba zai zauna ya ga sakamako ba bai cika tausaya wa ruwa ba. Amma idan aka duba da kyau, abin da ya share gurbin shi ne tarun. Ɗan gida mai irin wannan taru ɓarnarsa ɗaya ce da ta baƙo, haka mai zuba gubar gamalin ko daga wane gari ya fito. Tsada a kan baƙo tana korar talakan da ya zo da birgi ɗaya a kafaɗa, ta bar mai jari wanda ninkin kuɗi bai dame shi ba, ko kuma ya yi rajistar kayansa da sunan wani ɗan gari. Idan kare kifi ake nufi, hanyar a fili take: mai fatsa da koma ya biya kaɗan ko a yafe masa, mai birgi da kalli ya biya matsakaici, mai jirgin inji ya biya da yawa, a ƙayyade yawan manyan kaya da kowane ruwa zai ɗauka, a kuma rufe wuraren zuba ƙwai a tsakiyar damina ga kowa da kowa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kifin da ake nunawa a bikin Argungu, wanda aka faro a 1934, yana girma ne domin an hana taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka buɗe.

Akwai kuma batun tsaro, wanda babu mai magana a kan Tsafe ko Bunguɗu ko Maradun da zai tsallake shi. Jama'ar da 'yan bindiga suka addaba suna da dalilin tsoron fuskar da ba su sani ba a bakin ruwa. Amma amsar wannan tsoro ita ce a san kowa, kuma ba a sanin mutum ta hanyar sa masa kuɗin da zai sa ya ɓuya. Rajista mai sauƙi, da hoto da lambar shaidar ɗan ƙasa da sa hannun sarkin ruwan garin da ya fito, ta fi amfani ga jami'an tsaro fiye da rasit mai tsada da rabin mutane za su kauce masa. A tuna kuma cewa a shekarun nan Zamfarawa da yawa sun yi gudun hijira zuwa maƙwabta. Duk ƙa'idar da muka kafa a kan baƙo, 'yan'uwanmu da rikici ya kora zuwa Goronyo ko Yawuri su ne za su fara ɗanɗana irinta.

Saura a ce jihohi ba za su taɓa yarda su raba kuɗi ba. An taɓa gwada haɗa kai, kuma ba da nisa ba. Tafkin Kainji yana tsakanin Jihar Neja da Jihar Kabi, kuma a shekarun 1990, ƙarƙashin wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus, jihohin biyu suka daidaita dokokinsu na kamun kifi, aka hana tarun jan gaɓa mai kwashe 'ya'yan kifi, aka shigar da sarakunan ruwa da masu unguwanni cikin aikin ba da lasisi da sa ido. Darasin da ke ciki shi ne masunci ya fi saurin biya idan wanda ya sani ne ke karɓa, kuma idan ya ga inda kuɗin ke zuwa. A Amurka ma jihohin Maryland da Virginia, bayan doguwar husuma a kan kogin Potomac har da harbe-harbe, sun ƙulla yarjejeniya a 1958 suka kafa hukuma ɗaya mai ba da lasisin kogin. Idan ƙasashe masu tuta daban-daban sun iya kafa hukumar Tafkin Cadi tun 1964, jihohi huɗu masu harshe ɗaya, uku daga cikinsu ma uwa ɗaya ta haife su, ba su da uzuri.

Zamfara ce ta fi dacewa ta fara kiran wannan zama, domin ita ce a tsakiya: tana karɓar ruwa daga Katsina, tana riƙe da shi a Gusau da Bakolori, tana sakar wa Sakkwato da Kabi. Abin da za a tattauna bai da yawa. Jadawalin kuɗi ɗaya bisa nau'in kaya, takardar da za ta yi aiki daga Funtuwa har Birnin Kabi, watannin rufe ruwa iri ɗaya, da ƙa'idar raba abin da aka tara gwargwadon inda aka yi sun, wanda littafin sarkin ruwa na kowane mashigi zai nuna. A ware wa sarakunan ruwa kasonsu a rubuce, don kada karɓarsu ta zama haraji na biyu a kan na gwamnati. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta zauna a teburin, tunda ita ke buɗe ƙofofin madatsun Bakolori da Goronyo, kuma ranar da ta saki ruwa da yawan da ta saki sun fi kowane lasisi tasiri a kan ko kifi zai samu fadamar da zai zuba ƙwai a wannan shekara.