Gebisa Ejeta Da Sirrin Da Ke Tsakanin Dawa Da Wuta-Wuta

Duk manomin da ya ga furen wuta-wuta ya keto a gonarsa ya san aikin gama ya riga ya gama. Kafin wannan ciyawa mai fure ruwan hoda ta leƙo bisa ƙasa, ta yi makonni huɗu zuwa bakwai a ɓoye, manne da saiwar dawa ko gero ko masara, tana tsotse ruwa da abincin da shukar ta tara wa kanta. Shi ya sa ake ganin dawa ta tsumbure, ganyenta ya yi kamar an babbaka shi, alhali damina ta yi kyau kuma an nome gona tas. Hausawa na kiranta wuta-wuta ko ƙuduji, mutanen Sudan kuwa suna ce mata buda. Sunan da masana suka ba ta, wato Striga, kalmar Latin ce mai ma'anar mayya, kuma sunan ya dace da ita, don kuwa takan kama kurwar shuka tun ba wanda ya gan ta.

Ƙarfinta yana ga irinta. Ƙwayar irin ba ta kai rabin milimita ba, ta fi kama da ƙura, kuma tsiro ɗaya kan zubar da dubban dubbai. Irin yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba. Sai dai ƙanƙantarsa ita ce kuma rauninsa: guzurin da ke cikinsa bai wuce na 'yan kwanaki ba. Idan ya tsiro bai sami saiwar da zai kama a kusa da shi ba, mutuwa zai yi. Saboda haka ba ya tsirowa don ruwan sama ya sauka kawai, kamar sauran ciyayi. Sai ya jiƙa cikin danshi da ɗumi na mako ɗaya zuwa biyu, sa'an nan ya jira wata alama da za ta tabbatar masa cewa abincinsa ya iso. Wannan alama ita ce abin da Farfesa Gebisa Ejeta ya shafe shekaru fiye da 30 yana bibiya.

An haifi Ejeta a shekarar 1950 a ƙauyen Wollonkomi da ke ƙasar Habasha. Mahaifiyarsa ce ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu, har ya kasance yana taka tafiyar kilomita 20 zuwa makaranta kowace Lahadi da yamma, ya dawo gida ran Juma'a. Ya yi makarantar aikin gona ta Jimma, ya sami digirin farko a Kwalejin Alemaya a 1973, sa'an nan ya wuce Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a Amurka, inda ya kammala digiri na uku a 1978 a fannin kyautata irin shuka. A 1979 cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta tura shi Sudan. A can ne ya samar da Hajin Dura-1, dawa mai jure fari wadda aka samu ta hanyar barbara tsakanin iri biyu, aka kuma fitar da ita ga manoma a 1983. Amma ya ga da idonsa cewa ko iri ya jure fari, buda na iya kwantar da shi. Da ya koma Purdue a matsayin malami a 1984, sai ya haɗa kai da wani masanin sinadaran jikin halitta mai suna Larry Butler, suka tunkari matsalar.

Tun a 1966 wasu masana a Amurka suka tsamo wani sinadari daga saiwar auduga, suka sa masa suna istirigol, suka nuna cewa ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya ta da irin wuta-wuta daga barci. Daga baya aka gano dawa da gero da masara duk suna fitar da danginsa ta saiwoyinsu, kuma a yau ana kiran dangin baki ɗaya istirigolakton. Ma'ana, shukar da kanta take sanar da mayyar inda take. Bayan irin ya tsiro kuma, akwai alama ta biyu daga jikin saiwa wadda ke sa shi ya fitar da wani kumburi mai kama da baki, ya huda saiwar ya haɗe da jijiyoyin ruwanta.

Tunanin Ejeta da Butler shi ne: tun da rayuwar wuta-wuta mataki-mataki ce, kuma kowane mataki yana jiran alama daga dawa, to kowane mataki ƙofa ce da za a iya rufewa. Kafin lokacin, masu kyautata iri kan shuka nau'o'in dawa a gonar da ke da wuta-wuta ne su ƙirga yawan ciyawar da ta fito. Wannan hanya tana da ruɗi, domin irin ciyawar ba ya bazuwa daidai a gona. Wata kunya ta yi dami, ta kusa da ita kuwa ko ɗaya babu, bana ta yi yawa, baɗi ta yi ƙaranci saboda yanayin ruwa. Mai bincike na iya yaba wa dawar da sa'a kawai ta yi.

Maganin da suka samo, tare da abokin aikinsu Dale Hess, suka wallafa a 1992, abu ne mai sauƙi da ɗalibin sakandare zai iya fahimta. Ana barbaɗa irin wuta-wuta da aka riga aka jiƙa a cikin wani ɗan faranti na gilashi, a zuba masa wani abu mai daskarewa kamar kamu, garai-garai, wanda ake kira aga. Sai a dasa ƙwayar dawa da ta fara tsiro a gefen farantin. Bayan kwana uku a duba da madubin ƙara girma, a auna nisan da ke tsakanin saiwar da ƙwayar wuta-wuta mafi nisa da ta tsiro. Idan nisan bai kai milimita 10 ba, wannan dawa muryarta ƙasa-ƙasa ce, ba ta ta da irin mayyar sosai. Abin da ke cin damina guda a gona ya koma aikin 'yan kwanaki a kan tebur, kuma ana iya gwada ɗaruruwan nau'o'i ba tare da jiran ruwan sama ba.

Da wannan gwaji suka tabbatar cewa wani nau'in dawa mai lamba SRN39 yana da wannan hali, kuma halin yana bin gado ta hanya mai sauƙi, wato ƙwayar gado ɗaya ce ke da alhakinsa. Daga nan suka shiga barbara, suna ɗaukar halin suna sanya shi cikin nau'o'in dawa masu yawan yabanya. A 1994 aka samar da tan 8 na sabon irin a Purdue aka rarraba shi a ƙasashen Afirka goma sha biyu, ciki har da Nijar da Mali da Senegal da Sudan da Habasha. A Habasha an fitar da nau'o'i masu suna Gubiye da Abshir da Birhan, a Tanzaniya kuma Hakika da Wahi. A wasu gonakin da wuta-wuta ta yi wa katutu, abin da aka girbe ya kai ninki huɗu na dawar gargajiya. Wannan aiki ne ya jawo wa Ejeta Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, da lambar yabo ta kimiyya ta ƙasar Amurka a 2023.

Amma akwai tambayar da ya kamata mai karatu ya yi. Me zai sa dawa ta riƙa fitar da abin da ke kira mata maƙiyi? Halitta ba ta cika yin asarar banza ba. Amsar ta fito daga Japan a 2005, inda masana suka nuna cewa istirigolakton kira ne ga wata funfuna mai amfani da ke zaune cikin ƙasa. Funfunar takan shiga saiwa, ta miƙa zarenta nesa ta jawo wa shuka sinadarin fosfaras, ita kuma shukar ta biya ta da sukari. A 2008 kuma aka gano cewa sinadarin yana aiki a cikin jikin shukar kanta, yana ƙayyade yawan rassa da 'ya'yan da take fitarwa. Wuta-wuta dai mai laɓe ce, tana sauraron zancen da ba da ita ake yi ba.

Wannan ya warware wani abu da manoma suka daɗe da sani ba tare da ɗakin gwaji ba, cewa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji. Idan ƙasa ta rasa fosfaras da naitirojin, dawa takan ƙara yawan sinadarin da take fitarwa don neman taimakon funfuna, kuma gwargwadon ƙarfin kukanta gwargwadon irin mayyar da zai farka. Shi ya sa ake kiranta ciyawar talaka: wanda ba shi da halin sayen taki, ko ba shi da filin da zai bar wata gona ta huta, shi ta fi ci. Ejeta bai taɓa cewa iri kaɗai zai wadatar ba. Shirin da ya jagoranta a Habasha daga 2002 ya haɗa abu uku ne, wato sabon iri, da taki, da huɗar da ake datse kwarinta don ta riƙe ruwan sama. A kan haka ana iya ƙara juya shuka da auduga ko waken suya ko gyaɗa, waɗanda ke ta da irin wuta-wutar dawa amma ba ta iya kama su, sai ta tsiro ta mutu da yunwa.

Sirrin SRN39 bai fito sarari ba sai a 2017, lokacin da ɗakin binciken Ejeta da abokan aikinsu na ƙasar Holan suka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin, suka sa mata suna LGS1. Abin mamaki, ashe wannan dawa ba shiru ta yi ba, harshe ta sauya. Dawa ta yau da kullum ta fi fitar da wani nau'in istirigolakton da wuta-wuta ke ji sarai. Wadda LGS1 ɗinta ta lalace kuwa wani nau'in dabam take fitarwa, mai suna orobankol, wanda funfuna ke amsawa amma bai cika ta da wuta-wuta ba. Wani bincike na 2020 ya nuna cewa wannan hali yana nan cikin nau'o'in dawar gargajiya na Afirka, kuma ya fi yawa a wuraren da ciyawar ta fi yawa. Wato manoman da, masu ware zangarniyar da ta tsira su ajiye ta don iri, sun riga masana fara wannan zaɓe.

Binciken na 2020 ya zo kuma da gargaɗi. Wuta-wutar dawa ba iri ɗaya ba ce ko'ina, domin ƙwari na ɗaukar garin furenta daga wannan tsiro zuwa wancan, gadonta yana ta cakuɗuwa. Dawar da ta gagari ciyawar wata ƙasa tana iya faɗawa hannun ta wata ƙasar. Gero kuwa, wanda shi ne abincin arewacin ƙasar Hausa, aikin samar masa irin wannan kariya bai yi nisa kamar na dawa ba. Don haka wasu masana suka koma ga yaudarar irin da ke kwance a ƙasa: a harhaɗa sinadarin a ɗakin gwaji, a fesa shi a gonar da ba a shuka komai ba, irin ya tsiro ya rasa abin kamawa. An taɓa yin makamancin haka da iskar etilin a jihohin Karolina na Amurka bayan ciyawar ta ɓulla a can a 1956. Gwajin da aka yi a gonakin gero da dawa a Burkina Faso, aka wallafa a 2019, ya rage fitowar wuta-wuta da fiye da rabi. Wahalar ita ce lokaci: dole a jira ruwan farko ya jiƙa irin kafin a fesa, manomin Sahel kuwa da wannan ruwan farkon yake son yin shuka.