Rumbun Fim a Zango: Yadda Ake Tara Fina-finai da Adana Su a Nima, Maamobi da Old Fadama

Tarin fina-finai na wannan zamani ba ya cin wuri. Abin da a da yake cika kantar shagon haya, kaset kan kaset har rufi, yau yana shiga cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ake kira had-dis. A unguwannin Zango na birnin Akara, irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, da kuma Old Fadama da ke bakin tafkin Korle, irin wannan tari yana hannun mutane kashi biyu: masu shagon gyaran waya da tura fim, waɗanda a nan suke samun abinci, da masu sha'awa da ke tarawa don kallon gida. Damuwarsu ɗaya ce. Tarawa ba wuya, riƙe abin da aka tara shekara da shekaru ne aiki.

Sana'ar ta samo asali daga zamanin kaset. A 1987 William Akuffo ya fitar da Zinabu, wanda ake lissafawa a matsayin fim na farko da aka ɗauka da bidiyo a Gana, kuma a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Daga kaset aka koma faifan VCD, sannan DVD. A wancan lokaci dillalan fim na Akara suna taruwa a Opera Square, na Kano kuma a Ƙofar Wambai, fina-finan Hausa suna isowa Zango ta hannun 'yan kasuwa da matafiya. Da wayar hannu mai kati ta yaɗu, kasuwar faifai ta durƙushe. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, masu shirya fim suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, mai kallo kuma ya daina sayen faifai, ya koma miƙa wayarsa a tura masa.

Abin da ke cikin rumbun mai tura fim a Zango ya fi na takwaransa na Kano gauraya, domin jama'ar ma gauraye take. Ban da fina-finan Kannywood, akwai na Kumasi da harshen Twi, akwai na Dagbani daga Tamale, waɗanda ke da kasuwa a Old Fadama saboda yawan mutanen arewacin Gana da ke zaune a can. Akwai na kudancin Najeriya, da na Indiya, musamman waɗanda kamfanoni irin su Algaita suka fassara da Hausa, ga kuma wa'azi da karatun Alƙur'ani da bidiyon Mauludi da na biki.

Lissafin farko da mai tari zai iya shi ne na girma. Ana auna fim da mega da giga da tera: mega dubu ne giga ɗaya, giga dubu kuma tera ɗaya. Faifan VCD yana ɗaukar mega 700, wato kallon kusan minti 80, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. DVD na yau da kullum yana ɗaukar giga 4.7. Fim na awa biyu da aka matse shi don waya yana iya tsayawa a mega ɗari uku ko huɗu. Wanda ake kira 720p yakan kai giga ɗaya, 1080p giga biyu zuwa huɗu, 4K kuwa da ba a matse shi sosai ba yana iya haura giga 50. Ke nan had-dis mai tera ɗaya zai ɗauki fim kusan 900 a matsakaicin inganci, amma ba zai ɗauki 20 ba idan duka irin na ƙarshen ne. Wanda ya sayi tera ɗaya ya ga kwamfuta ta nuna masa giga 931 kada ya koma ya yi faɗa da mai shago. Kamfani yana lissafi da dubu-dubu, kwamfuta tana yi da 1024, bambancin ke nan.

Girman fim ya dogara ne ga yadda aka matse shi. Tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, kusan kowace waya da talabijin suna karanta shi. H.265 na 2013 yana rage girma da kusan rabi ba tare da hoto ya lalace a ido ba, sai dai tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi ba sa buɗe shi. Don haka mai shago yakan ajiye fim ɗaya a siga biyu, babba da ƙarama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a matse fim don waya, a goge na asali don a samu wuri. Abin da matsi ya zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake matse wanda aka riga aka matse, hoto yana ƙara dushewa, sauti yana ƙara shaƙewa. Tsofaffin fina-finan Hausa da yawa da ke yawo a wayoyi sun bi ta wannan hanya sau da dama, har fuskar jarumi ba ta fita sosai.

Hanyoyin samun fim uku ne: kwafo shi daga tsohon faifai ko kaset, saukowa daga intanet, ko karɓa daga wani ta manhajar Xender ko filash. Tsadar data ce ta raya sana'ar turi. Mutum ɗaya ya sauke fim da datar dare ta MTN ko Telecel, mutum hamsin su karɓa daga wurinsa. A nan akwai maganar da masu sana'ar ba sa son a taɓo. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, ta hana kwafar aikin wani a sayar ba da izininsa ba, kuma masu shirya fim a Kano da Kumasi sun daɗe suna kuka cewa turi ya taimaka wajen karya musu kasuwa. Kukan yana kan gaskiya. Mutum ya adana faifan da ya saya da kuɗinsa daban, ya riƙa sayar da sabon fim washegarin fitowarsa kuma daban.

Sai batun inda za a zuba. Katin waya da filash na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiya ba. Suna ɓata, suna mutuwa ba sallama, kuma jabunsu ya cika kasuwa. Filash ɗin jabu yana nuna giga 128 ko ma tera ɗaya alhali cikinsa bai wuce giga 8 ba. Zai karɓi duk abin da aka zuba masa, sunayen fina-finai su fito reras, ranar da aka zo kallo a tarar ba komai, domin sabon da ya shiga yana hawa kan tsohon ne. Araha ba ta ado. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin girmansa, kuma gara a yi wannan gwaji kafin a zuba masa komai. Wani abin da ke rikita mutane shi ne filash ya ƙi karɓar fim alhali akwai wuri. Sau da yawa dalili shi ne an tsara shi da FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai an mayar da shi exFAT.

Babban tari yana zama ne a had-dis. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi dab da fuskarsa yana karatu. Idan ya faɗi daga tebur yana cikin aiki, hannun yana iya kartar faifan, shi ke nan. Wani nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, ya fi sauri da jure faɗuwa, amma ya fi tsada a kan kowane giga, kuma ba a so a jefa shi a akwati shekaru ba a jona shi da wuta ba, domin cajin da ke riƙe bayanansa yana raguwa a hankali.

Yawancin had-dis da ke hannun jama'a a waɗannan unguwanni na hannu ne. Ana samun su a kasuwar waya da kwamfuta ta Kwame Nkrumah Circle, wajen Tip Toe Lane, an ciro su daga tsofaffin kwamfutocin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, maƙwabciyar Old Fadama, ta yi shekaru tana fitar da irinsu kafin hukuma ta rushe ta a Yulin 2021, wasu masu sana'ar suka koma da ita cikin Old Fadama. Had-dis na hannu ba a san wahalar da ya sha ba, amma shi kansa yana riƙe da lissafin awoyin da ya yi yana aiki da wuraren da suka fara lalacewa, kuma manhajar CrystalDiskInfo tana nuna wannan cikin minti ɗaya. Wanda ya nuna alamar gargaɗi, ko yake ƙara ƙas-ƙas idan an jona shi, ba abin saye ba ne komai araharsa. Shi kuma mai sayar da nasa ya sani cewa gogewa ta yau da kullum ba ta share komai. A 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi tsofaffin had-dis a Gana, suka tarar da takardun kwangilar wani babban kamfanin tsaro na Amurka a cikin ɗaya. Hotunan iyali da bidiyon biki ma haka za su fito a hannun baƙo.

Yanayin Akara ba ya raga wa na'ura. Gari ne na bakin teku, iskarsa da laima da gishiri, waɗanda ke sa bakin waya da allon cikin na'ura tsatsa. Hunturu yana kawo ƙura. Kwantenar ƙarfe ko ɗakin katako mai rufin kwano yana ɗaukar zafi da rana, had-dis kuwa ba ya son zafi. Wuta ta fi duka ɓarna. A 2015, lokacin da matsalar da mutanen Gana ke kira dumsor ta yi tsanani, akan ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi tana lalata fayil, wani lokaci ta rikita tsarin had-dis ɗin gaba ɗaya, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙona caja da abin da ke jone da ita. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur aminci a nan saboda batirinta, mai ta tebur kuwa ba shi da makawa sai ya sayi na'urar riƙe wuta ta UPS. Ga ruwa da gobara: Old Fadama tana kwance ne a gefen kogin Odaw, gidajenta na katako a cunkushe, babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi tana cika da damina, kuma ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Circle, da ta ci rayuka sama da 150, ta faru ne a tsakiyar yankin da kasuwar na'urori take. Ƙwayar cutar kwamfuta ita ma tana bin filash daga shago zuwa shago, musamman wadda ke ɓoye manyan fayiloli ta bar inuwarsu. Sau da yawa fina-finan suna nan, ɓoye su aka yi, don haka kada a yi saurin goge filash ɗin.

Maganin duk waɗannan ɗaya ne: fim ɗin da ke wuri ɗaya tak ba a adana shi ba. Masana ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wato kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Ba kowa ke da halin sayen had-dis uku ba, kuma ba kowane fim ya cancanci haka ba. Fim ɗin Indiya ko na Amurka da ya ɓata za a sake samun sa gobe. Wanda ba za a sake samu ba shi ne tsohon fim ɗin Hausa da aka kwafo daga kaset, da wa'azin malamin da ya rasu, da bidiyon ɗaurin aure ko naɗin sarkin Zango. Waɗannan za a ware, a yi musu kwafi na biyu, a kai gidan ɗan'uwa a wata unguwa, ko a ɗora mafi muhimmanci a intanet, inda Google Drive ke ba da giga 15 kyauta. Kwafin ajiya kuma a riƙa jona shi lokaci-lokaci ana buɗe wasu fina-finan, a sauya had-dis idan ya tsufa tun kafin ya mutu.

Tsari ma wani ɓangare ne na ajiya. Rumbun da ke da fim dubu uku, rabinsu da sunaye irin na lambobin da waya ke bayarwa, bai da amfani ga mai shi. Sunan fim, shekararsa, harshensa, sannan zango da kashi idan mai dogon zango ne, sun isa, muddin an bi salo ɗaya daga farko har ƙarshe. A ajiye jerin sunayen a littafi ko a waya, domin ranar da had-dis ya mutu a san abin da aka rasa.

Gana ta riga ta ga abin da sakaci ke jawowa. Bayan an sayar da kaso 70 cikin ɗari na kamfanin fim na gwamnati ga wani kamfanin Malesiya a 1996, an bar ma'ajiyarsa ba kulawa, fina-finai masu yawa suka lalace. Hotunan zamanin Kwame Nkrumah da suka tsira, irin waɗanda mai ɗaukar hotonsa Chris Hesse ya ɗauka, sun tsira ne saboda asalinsu yana ajiye a Landan. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 a kaset aka fitar da su, kaset kuwa yana cin fumfuna, na'urar kunna shi ma ta yi wuya. Duk wanda ke da irin wannan kaset a gida, ko tsohon VCD da bai karce ba, ya kai a mayar masa da shi fayil tun yana karantuwa, ya ajiye shi a wuri biyu.